Bakancen Gwaggo Ɗelu

Madarumfa, farkon Maris

Zuwa ga taubashina Zakari, mai haƙar zinariya a Jado,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma ramin da kake shiga bai gaji da kai ba tukuna. Mu nan lafiya lau. Tarin Baba ya yi sauƙi. Ɗalibaina suna nan suna karɓar faransanci kamar masu shan maɗaci. Tafki ya fara janyewa, masu lambu suna binsa da tumatir.

Alhassan direba zai kai wannan takarda Agadas, daga can ya ba wani mai shiga wajenku. In ta iso ka da warin albasa, ba turarena ba ne.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na je ƙauyenku na wajen Mayahi sunan ɗan Rabi'u ƙaninka. Bayan an watse, mahaifiyarka, Gwaggo Ɗelu, ta ja ni ɗaki ta ce tana da bakance a wuyanta. Za ta taka da ƙafa daga ƙofar gidanta har kaburburan waliyyai na bakin tafkinmu. Kuma ba da sanyi ba, sai tsakiyar bazara, lokacin da motarku ta ɓata bara a hamada, aka yi ta cewa ƙishirwa ta gama da ku. Ta ce a waɗancan kwanakin ta yi wa Allah alkawari, in ya dawo da "na wajen Iya" da rai, za ta shiga zafin ranar da ya shiga. Ka san kai ne na wajen Iya. Kai ne ɗan fari, kakarka ta ɗauke ka tun yaye, kuma bakin Gwaggo bai taɓa furta sunanka ba.

Na tuna mata tana da hawan jini. Na tuna mata an ƙirƙiro mota. Na yi mata bayanin abin da rana take yi wa jikin tsoho, bayani mai tsari, irin wanda na ci maki da shi a jami'a. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko gidana yana da tabarmar da za ta ishi mata huɗu in sun iso.

Don haka na nemi konje, wato hutu, a lakkwal ɗin da nake koyarwa, zan bi su. Gara in gani da idona da a kawo mini labari.

Kai da kullum kake cewa ba ta taɓa tambayar ko ka ci ko ba ka ci ba, ga amsarka nan tafe a ƙafa. Saura ka ji daga bakinta, in kana da dabarar da ta fi ta kakanninmu.

Taubashiyarka,
Zulai

*

Jado, ƙarshen Maris

Zulai,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, da warin albasar da komai. Ina lafiya, sai ƙurar rami da ta zauna mini a ƙirji. Ki gaida Baba.

Ban yarda da maganarki ba. Na san ki da ƙarin gishiri tun muna yara. Matar Rabi'u ta sha wuya wajen haihuwa, in akwai bakance to nasu ne. Bara da na dawo daga hamadar nan leɓena a tsattsage, gari duk ya cika gidanmu, har mutanen da ban sani ba suna kuka. Inna kuwa ta shiga madafa, ba ta fito ba sai da na bar tsakar gidan. Na san kunyar ɗan fari, ba a Turai aka haife ni ba. Amma kunya tana da iyaka, ko a wajen mutuwa.

Na tambayi wani malami da muke rami ɗaya. Ya ce wanda ya ɗora wa kansa abin da zai cutar da shi, ya ciyar da miskinai, ya huta. Zan aiko da hatsin. Ki hana ta.

In ta ƙi, ki bar wayarki a buɗe. Akwai mai Turaya a nan, wayar nan ta tauraron ɗan'adam, sai dai layi ake bi, ban san ranar da za ta zo kaina ba. In na kira ki sa mata a kunne. Ke kika ce saura in ji daga bakinta. To zan ji. In ta ce don ni ne, ni da bakina zan ce na yafe, ta hau mota.

Zakari

*

Maradi, cikin Afrilu

Zakari,

Gaisuwa da fatan ƙirjin ya saki. Mu muna raye, wanda a wannan rana ba ƙaramin labari ba ne. Ina rubutu a rumfar wata mai tuwo kusa da tasha, tafiya ta kusa ƙarewa.

Mu biyar ne: Gwaggo, maƙwabciyarta Ummulkhairi wadda bakinta ba ya jin zafi, wasu tsofaffi biyu masu nasu buƙatun, sai ni. Muna tashi bayan asuba, mu taka har rana ta hau kai, mu nemi gawo mu zube, sai la'asar mu ci gaba. Ban taɓa girmama itace kamar yadda nake girmama gawo yanzu ba. Duk sauran sun zubar da ganye sun bar mutane, shi kaɗai ya tsaya.

Furar da muke damawa da safe kafin hantsi ta yi tsami. Ruwan bido, wato jarkarmu, duk da jiƙaƙƙen buhun da muka naɗa masa, ganyen shayi kawai ya rage a zuba. Takalmin da na sayo a Yamai don wannan tafiya ya dafa mini yatsu, na rataye shi a wuya na sayi silifa. Gwaggo ta kalle shi ta ce ai ya fi kyau a can.

Kowane ƙauye muka shiga, matan bakin rijiya sai su zuba mana guga a ƙafa, sannan kowace ta ƙulla bakin mayafin Gwaggo, ƙulli ɗaya buƙata ɗaya, a kai mata wajen waliyyai. Mayafin ya zama kamar carbi. Direbobi suna tsayawa su ce mu hau don Allah, ita kuma ta yi musu addu'a har su ji kunya su wuce. Ni kam sau ɗaya na hau kabu-kabu, na ce zan je gaba in nemo masauki. Masaukin yana nan inda yake tun zamanin kakanni, kowa ya sani.

Abin da ba na wasa ba: idon sawunta ya kumbura, kuma in rana ta take sai ta daina magana gaba ɗaya. Maganinta ina ba ta kullum. Na kawo mata zancen ciyar da miskinai, na ce wani malami ne ya faɗa. Ta ce malamin ba ya nan ranar da ta yi alkawarin.

Maganar waya kuwa, da wasa na rubuta maka wancan layin, kai ka ɗauke shi da gaske. Amma da na yi tunani sai na ga ba laifi. Na gaji da ganin mutum biyu suna ƙaunar juna ta bakin maƙwabta. Dole wata rana wani ya kawo ƙarshen wannan abu, kuma tunda ni ce mai lisans ɗin jami'a a dangi, ina jin ni ya faɗo wa. Ka kira. Wayata a cike take.

Zulai

*

Jado, Afrilu

Zulai,

Ina gaisuwa. Ina lafiya.

Wuni na yi a layin Turaya. Da kika ɗauka na ji dariyar mata, na ji kin ambaci sunana, na yi sallama, na yi tambayata. Na ji shiru. Na sake yi. Sai muryarki na ji kina cewa, "Ta tashi ta tafi." Daga nan layin ya yanke, na bayana ya karɓe wayar.

Na gode. Na ji daga bakinta kamar yadda kika so.

Ki bar ta ta ƙarasa tafiyarta. Wanda take yi dominsa, Allah ya amfana masa. Ba zan zo babbar salla ba, ki gaya wa Rabi'u ya yanka ragon da sunansa. Kada ki ƙara rubuto mini zancenta.

Zakari

*

Maradi, tsakiyar Mayu

Zakari,

Assalamu alaikum. Kafin komai: Gwaggo tana da rai. Tana asibiti a nan Maradi, tana ci, tana gane mutane. Takardarka a bakin gadonta ta same ni. Ka ce kada in ƙara rubuto zancenta. Ka yi haƙuri da wannan, don layin ya yanke kafin ka ji sauran.

Mun wuce Jiratawa, abin da ya rage mai lafiya zai cinye shi da safiya ɗaya. Muna ƙarƙashin wani babban gawo, an yi azahar, ƙasa tana tiriri har gonakin nesa suna rawa. Ba mu kaɗai ba ne. Matan ƙauyen sun zo gaisuwa, ga wasu dattawa a gefe suna jiran rana ta karya. Sai wayata ta yi ƙara.

Da na miƙa mata ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi. Nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na ɗaga murya na ce ɗanta ne, Zakari, daga Jado. Sannan na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, na riƙe mata a gaban fuska. Ummulkhairi ta ce yau za a ga ƙarshen kunya, mata suka yi dariya, ita ce dariyar da ka ji. Sai muryarka ta fito fes, har dattawan suka juyo:

"Inna, don wa kike wannan tafiya?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kowa ya zuba mata ido. Ka sake tambaya. Ta lalubi sandarta, ta miƙe, ta fita daga inuwar ta hau hanya. Takalminta da gorar ruwanta ta bar su nan kan tabarma.

Abin da na ce maka gaskiya ne, ta tashi ta tafi. Abin da ban ce ba shi ne inda ta tafi, da irin ranar da ta shiga.

Ban bi ta nan take ba. Haushi nake ji, shirina ya lalace a gaban jama'a. Na ce a bar ta, yashi zai ƙona ta ta dawo. Ummulkhairi, wadda ta daina dariya, ta ce muddin mutanen nan suna zaune ba za ta dawo ba. Ni kuwa ina ta danna lambar da ka kira da ita, wai in gyara maka zuciya. Sai da ɗaya daga cikin dattawan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ko ba mai bin tsohuwar nan.

A gefen wata gona muka same ta, kwance a kan ɓarinta, bakinta ya karkace, tafin ƙafarta ya yi bororo. Wani mai amalanke ya kai mu bakin kwalta, mota ta kawo mu nan. Likita ya ce jinin ne ya hau, ya taɓa ɓarin hagu. Magana ta dawo, hannu yana dawowa. Ƙafar ya ce kada mu sa rai sosai.

Abin da ta fara tambaya da bakinta ya buɗe shi ne ko an shaida daidai wurin da ta faɗi. Na ce an shaida. Ta ce to, daga nan za ta ci gaba.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Tun ina ƙarama "ɗiyata" take ce mini, yanzu "Malama" take cewa, da ladabi, in na ba ta magani ta ce ta gode.

Zakari, ba ƙin ka ta yi ba. Da don wani ne ba kai ba, da ta faɗa tana zaune a inuwa, ba abin kunya a ciki. Ni na san wannan. Na san al'adar ciki da waje, har takarda na taɓa rubutawa a kanta a jami'a, malamin ya yaba. Ban yi don rashin sani ba. So na yi a ce ni na yi.

Ka zo ko kada ka zo, ba zan ƙara shirya wa kowa komai ba.

Zulai

*

Madarumfa, Agusta

Zakari,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ka isa lafiya. Ka koma ba ka yi mini sallama ba, sai a bakin Alhassan na ji, kuma ban ga laifinka ba. Gwaggo ta koma ƙauye wajen Rabi'u, tana zagaya tsakar gida da sanda. Gero ya yi kai, tafki ya cika har ya cinye lambun Baba.

Ina da roƙo, kuma na san ba ni da bakin yinsa.

Na san abin da na gani. Ka sauka gidan Baba bayan salla ka ce kada a gaya mata. Da ruwa ya sauka ƙasa ta yi sanyi, muka mayar da ita gonar da ta faɗi, ni da Ummulkhairi, ta fara daga nan. Kowace safiya ta ja ƙafar gwargwadon abin da ta iya, mu kwana inda ƙarfinta ya ƙare. Kai kuma kana baya da malafa, nesa da mu, in mun tsaya ka tsaya kana duba geron mutane kamar mai shirin saye. Ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba. Macen da take waiwayar kowace akuya.

Ranar ƙarshe, da ruwan tafki ya bayyana tsakanin itatuwa, ta tsaya ta ce, "Malama, nan za ki zauna." Ta ce Ummulkhairi ta taya ni zama. Na zauna. Ka zo ka wuce ta gabanmu ba ka dube mu ba. Da la'asar aka dawo da ita a amalanke ita kaɗai, ta ce ta sauke, a ba ta fura.

Ita ke nan. Ummulkhairi ta yi ta bugun cikinta, ba ta samu komai ba, ni kuwa ban isa in tambaya ba. Na yi tafiyar nan tun daga ƙofar gidanta, na ga komai, har abin da bai kamata in sa a gani ba, amma ƙarshen an hana ni, kuma daidai ne. In ka ga dama ka gaya mini ko da ƙafarta ta isa. Wannan kaɗai. In ba ka ga dama ba, ka aiko da gaisuwa, zan gane.

Zulai

*

Jado, ƙarshen damina

Zulai,

Wa alaikumus salam. Na iso lafiya, ƙirjin ma da sauƙi. Ki gaida Baba, ki yi masa jajen lambu. Rashin sallamar ba fushi ba ne. Ban iya magana da kowa ba a ranar.

Da ƙafarta ta isa.

Bayan na wuce ku hanyar ta shiga tsakanin gonaki, duk laka. Sandar ta nutse, ta tafi za ta faɗi, ban san lokacin da na isa gare ta ba. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta ɗora hannu a kafaɗata ta ce, "Bawan Allah, in ba sauri kake ba, ara mini nan." Na ce ba na sauri.

Haka muka tafi. Ba ta da nauyi, Zulai, kamar damin kara. Ta tambaye ni daga ina nake, na ce daga arewa. Ta ce ita ma tana da wani a can. Ta ce tun yana ƙarami aka ɗauke shi, ita kuma ta bar rijiyar ƙofar gidanta ta koma ɗiban ruwa a ta unguwar da aka kai shi, shekara da shekaru, mutane suna cewa ruwan can ne ya fi mata daɗi. Ta ce ruwan can kanwa gare shi. Duk wannan idonta yana ƙasa, tana duba inda za ta sa ƙafa.

Da muka kai bakin wurin ta sauke hannunta. Ta ce, "In ka gamu da shi, ka ce masa kada ya ƙara tambaya." Na ce zan gaya masa. Ta shiga ita kaɗai.

Ina tsaye ina jiran ta gama sai na juya baya. Ƙafar hagun ba ta ɗaguwa, kin sani. Ta ja layi a cikin lakar, siriri, ba yankewa, tun daga inda nake tsaye har inda hanyar ta karya. Na daɗe ina kallonsa.

Kin rubuto kamar ke kaɗai kika ja shi. Ni na yi tambayar, har sau biyu. Ki bar mini rabina.

Taubashinki,
Zakari